In Auta Ta Sunkuya

Mace ta ba hamsin baya, furfura ta cinye rabin kanta, amma har yau Auta ake ce mata, kuma tana amsawa. A ɗakin wanki na otal ɗin da ta yi rabin rayuwarta tana aiki, 'yan matan da ta haifi kamarsu ma Anti Auta suke kiranta. Ita ke tsayawa a ƙarshen dogon teburin ninki, inda zannuwan gado da tawul-tawul ke biyowa bayan sun fito daga injin guga, kuma babu abin da ke hawa sama wurin baƙi sai ya bi ta ƙarƙashin hancinta. Ba da ido take duba wanki ba. Zani take ɗagawa ta kai fuska ta ja numfashi. In ta ninke, ya wuce. In ta wurga shi kwando, a sake.

"Wannan a jiƙe ya kwana," za ta ce. Ko kuma, "Wa ya ɗauraye wannan? Sabulu ne fal."

Doguwa, ƙawarta da ke kan injin guga, takan ce ranar da aka rufe otal ɗin Auta ba za ta rasa aiki ba, 'yan sanda za su ɗauke ta su sallami karnukansu.

Gado ta yi. Uwarta, Inna, ita ce matar da unguwa guda ke kira Duba-gari a bayan idonta. Mace ce mai wanke tsintsiya in ta gama shara. Da wankin kayan mutane ta reni 'ya'yanta biyu, Yaya da Auta, bayan ubansu ya rasu, kuma kowace safiya kafin su tafi makaranta sai ta tare bakin ƙofa ta shinshina kansu da hammatarsu. In abin bai yi mata ba, kalma ɗaya ce: "Koma." Sai yaro ya koma banɗaki ko da zai makara ya sha bulala. Maƙwabta in sun ji sallamarta har tura kwanukan da ba a wanke ba suke yi ƙarƙashin gado. Ba ta taɓa mallakar ko ɗan kunnen zinare ba. Abin taƙamarta a duniya guda ɗaya ne, tun da uwarta ta haife ta babu mahalukin da ya taɓa toshe hanci a kusa da ita.

To wannan matar ce ta faɗi a banɗaki bara, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Baki ya ɗan karkace, amma harshen yana nan da kaifinsa. Yaya direban babbar mota ne, rabin wata yana kan hanya. Auta kuwa aurenta ya daɗe da mutuwa, 'yarta ɗaya tana aure a nesa, saboda haka ba a ma yi shawara ba, ita ta ɗauko Inna ta kawo ta ɗakunanta biyu na haya. Da safe ta yi mata wanka, ta canza ledar gado da zani, ta shafe ta da mai, sannan ta tafi aiki. Da rana matar mai shago, maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, ta leƙo ta ba ta abinci da ruwa.

Ranar da Auta ta fara tura mata fo na bayan gida a ƙarƙashin jiki, Inna ta juya fuska ga bango, hawaye na bi ta gefen kunnenta. Da aka gama ta kama hannun Auta da hannunta mai lafiya.

"Ki yi mini alkawari. Ranar da na fara wari ki gaya mini. Kar ki yi mini kara."

"Haba Inna! Ke da wari? Ai sai dai sabulu ya fara."

"Ba wasa nake miki ba, 'yar nema."

Auta ta yi alkawari tana dariya, don a ranta ta san ranar ba za ta zo ba muddin tana da hannu biyu.

Daga mura aka fara. Mura ce ta bi ɗakin wanki kaf, kowa na atishawa a kan tawul ɗin baƙi Auta na zazzaga masu masifa, har ita ma ta kama ta. Ta yi 'yan kwanaki ta sake ta, Auta ta ce alhamdulillahi. Ashe zagayawa ta yi ta dawo ta ƙofar baya. Wannan karon ba atishawa, ba ruwan hanci mai zuba. Ƙofar hancinta ta hagu ce ta toshe ƙam, in ta fyace da ƙyar sai majina mai kauri ta fito, rawaya-rawaya, wani lokaci kore. Wani abu yana gangaro mata ta bayan maƙogwaro, tana ta kaki, in ta kwanta tari ya hana ta sakat. Kuncinta na hagu, nan ƙarƙashin ido, ya yi nauyi kamar an cusa mata dutse. Ga ɗan zazzaɓi mai zuwa da yamma, ga kasala. Ta ce ragowar mura ce, ta riƙa haɗiyar maganin ciwon kai tana ɗaure goshi da ɗankwali. Mai jinya ina ta ga lokacin yin ciwo?

Gadon Inna gajere ne, da gangan aka sa kafinta ya rage ƙafafun don kada ta faɗo. Wata safiya Auta ta sunkuya za ta ɗago ta, sai dutsen nan na kuncinta ya gangaro gaba, kanta ya sara, kuma a lokaci guda wani wari ya daki hancinta. Wari fa, ba ɗan tsami ba. Irin na ɓeran da ya mutu a bayan kabad ya kumbura.

Ta miƙe da sauri ta nufi taga. A tsaye warin ya ragu.

Ranar ba ta je aiki da wuri ba. Ta ja kabad, ta kwashe akwatuna, ta leƙa ƙarƙashin gado, nan ma warin ya tare ta, ta ce yauwa, a nan yake. Ta share ta goge, ko kashin ɓera ba ta gani ba. Ta fitar da katifa rana. Ta tafasa zannuwa. Da yamma ta dawo ta sunkuya za ta gyara wa Inna matashi, ga shi nan, kamar jiranta yake yi.

A wurin aiki kuwa kusan lafiya lau. A tsaye take yini, tururin injin guga yana ɗan buɗe mata hanci, kan ma yana sassautawa. In ta yi sujada a ɗan lungun da suke salla ne takan ji warin ya taso, sai ta ce wayyo, har ya kama mini mayafi, ta cire ta jefa a inji. Wani abin kuma, wankin 'yan matan nan ya daina yi mata wari kwata-kwata. Duk zanin da ta kai fuska, shiru. Ta riƙa ninkewa tana cewa a ranta, ashe dai faɗa yana da rana, yaran nan sun koyi aiki. Da aka aiko daga sama cewa baƙi na ƙorafin tawul na warin danshi, Auta ta ce sharri ne, baƙon ne ya zo da abinsa. Doguwa ta dube ta, ta buɗe baki, ta rufe, ta miƙo mata alawar minti. Kwanakin nan kullum sai ta miƙo mata minti.

Auta ta zauna ta haɗa lissafin da kowa zai haɗa. A titi babu warin. A tsakar gida babu. A bakin taga kaɗan-kaɗan. A kan gadon Inna kuwa, in ta kai fuskarta kusa da jikin tsohuwar, kamar ta yi amai. Kai, ranar da ta yarda da abin da zuciyarta ke gaya mata, a banɗaki ta shiga ta kunna famfo don kada a ji kukanta.

Daga nan ta shiga yaƙi, kuma wallahi ban ga yaƙin da ya fi wannan ban takaici ba. Wanka ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku. Ta ajiye tsumma mai laushi ta ɗauko soso. Ta ajiye sabulun wanka ta ɗauko na wanki. Ruwan ɗumi ya koma mai zafi, har ta kai tana ɗiga masa bilic kaɗan, ita da ta fi kowa sanin abin da bilic ke yi wa zani, balle fatar tsohuwa. Ta duba bayan Inna, ta duba tsakanin yatsun ƙafa, ta duba kunne da baki tana neman miki, babu. Sai ga shi ita da hannunta ta fara samar da shi. Fatar ta yi ja, ta tsattsage a gwiwar hannu da ƙugu. Inna sai dai ta cije leɓe. Daɓen ɗaki kuma ana malale shi da maganin wanke banɗaki safe da yamma, tana zubawa tana ƙarawa, don ita ba ta jin ƙarfinsa, har ta yi wa mai shago faɗa wai ya sayar mata da jabu.

Matar mai shago ta shigo wata rana idonta na hawaye, tana tari.

"Auta, kashe mu za ki yi? Ai ko ƙuda ya shigo ɗakin nan sai an yi masa salla."

"Ba ki jin komai? Tsakaninki da Allah."

"Ni dai magani nake ji." Ta ɗan ja baya, ta gyara mayafi ta kan hanci.

Auta ta ga jan bayan, ta ga mayafin. Ta ce a ranta, kara take mana, baiwar Allah.

Da Yaya ya sauka daga tafiya ya zo gaida Inna, ya fito yana murza ido ya ce ɗakin ya fi asibiti asibiti. Auta ta ja shi bakin ƙofa. Kan nata na sarawa, haƙoranta na sama sun fara zogi, ba ta yi barcin kirki ba ta manta tun yaushe.

"Kai ina ka ga hanci? Hayaƙin mota ya gama da shi. Yaya, Inna ruɓewa take yi da ranta! Na wanke na wanke, daga ciki yake fitowa."

Ƙofar a buɗe take, labule ne kawai. Ta tuna da haka bayan maganar ta riga ta fita.

Yaya ya ce in ya dawo daga wannan lodin za a kai ta asibiti, ya tafi. Auta ta daɗe a tsakar gida tana wanke bokitin da ba shi da datti kafin ta iya shiga. Inna na kwance tana kallon rufi.

"Auta. Alkawarinmu fa?"

Auta ta kau da kai. Ta sunkuya tana gyara zanin da ba ya buƙatar gyara, warin ya taso, fuskarta ta yamutse ba da saninta ba.

"Bar wahalar da kanki," in ji Inna. "Ni ma ina jinsa. Na daɗe ina ji. In ina kwance shiru ba ya fitowa, amma da kin zo kin motsa ni sai ya taso."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Hanci biyu da babu kamarsu a unguwar sun yi shaida iri ɗaya, wa zai zo ya ce musu a'a?

Washegari Inna ta ture kofin shayi. Da rana matar mai shago ta dawo da kwanon abinci yadda ta kai shi. Auta ta zaci fushi ne, zai wuce. Ina! Tsohuwar ta yi nata lissafin ne ita ma, kuma ta faɗe shi ƙarara: abin da bai shiga ba ba zai fita ba. Tun da ciki ne ke ruɓewa, to a daina ba shi abin ruɓarwa. Abinci ta daina gaba ɗaya. Ruwa kuwa sai ɗan abin da zai wuce da ƙwayar maganinta, daga baya shi ma ta fara datse baki.

"Inna, wannan fa haramun ne, kin sani."

"Allah Ya san ba mutuwa nake nema ba. Tsabta nake nema."

"To mu je asibiti, yau ɗin nan. Zan nemo mota."

"A kai ni cikin jama'a su riƙa toshe hanci suna nuna ni? A ce ga Duba-gari nan? Kin zaci ban san sunan da suke kirana ba? Sai dai a fitar da gawata."

Auta ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta haɗa ta da girman Allah. Ta durƙusa a gaban gadon da cokali a hannu kamar mai ba jariri, kuma duk sanda ta kai kai kusa don ta roƙe ta, warin ya shiga tsakaninsu, Inna ta rufe ido ta juya ga bango. Leɓunan tsohuwar suka bushe suka fashe. Idanu suka faɗa. Fitsarin da ke cikin fo ya koma kaɗan, ja-ja kamar shayin da ya daɗe a wuta, daga baya Auta ta riƙa ciro fo ɗin kusan a bushe. Muryar nan da ke tsorata unguwa ta koma raɗa. Auta ta kira Yaya a waya, yana can wata uwa duniya mota ta lalace, sai ihu yake yi a ɗura mata ko da ƙarfi. Ta gwada. Inna ta furzar, ta dube ta da wani irin kallo da ya sa Auta ta ajiye cokalin.

Uwarta na mutuwa a gabanta da ƙishirwa, ga randa cike da ruwa a bakin ƙofa. Kuma duk da babu abin da ke shiga cikin, warin ko gezau bai yi ba, ƙaruwa ma yake yi.

Haƙora ne suka kayar da ita. Da safen nan ta je otal ne kawai don ta roƙi hutu, sai zogin ya taso daga muƙamuƙin sama na hagu ya harba har cikin ido. Ta dafa teburin ninki ta zame ta zauna a ƙasa. Doguwa ta kashe inji ta zo ta ɗaga mata fuska.

"Kin ga kuncinki kuwa? Tashi. Akwai likitar haƙori a bayan layin nan."

"Inna na jirana."

"In kin faɗi a titi wa zai je mata? Tashi na ce!"

Doguwa ta raka ta har can. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yar Auta ba, da takunkumi a fuska. Ta kwantar da ita a kujera ta haska mata fitila.

"Wanne ne ke ciwo, Mama?"

"Duka na saman nan. Ki cire su kawai, 'yata, sauri nake yi."

"Duka? Bari dai mu gani."

Ta ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe. Kowanne ya amsa da zogi, amma babu rami, babu mai girgiɗi. Ta ɗauki hotonsu ta duba, ta girgiza kai ta ce haƙoran nan sun fi nata lafiya. Sai ta sa babban yatsa ta danna kuncin Auta, nan ƙarƙashin ido. Auta ta yi ƙara ta riƙe mata hannu.

"Kin yi mura kwanan nan?"

"Ta daɗe. Ta tafi ta dawo."

"Ta wuce kwana goma?"

"Wane goma? An fi wata."

"Hancin gefe ɗaya ne ya toshe? Majinar mai kauri ce, mai launi? Tana gangaro miki ta maƙogwaro?"

Auta ta riƙa gyaɗa kai tana kallon ƙofa. Likitar ta buɗe wata 'yar kwalba ta kai mata hanci. Daga inda Doguwa ke zaune ta ce, "Kai, kanumfari!" Auta ta ja, ta sake ja da ƙarfi. Ko ruwan famfo ya fi wannan ƙamshi.

"Kina jin wani wari wani lokaci? Mai ɗoyi?"

Auta ta ce, "Wannan a gida ne. Innata ce ba ta da lafiya."

"Sauko, Mama. Sunkuya kamar za ki gyara takalmi."

Ta sauko ta sunkuya. Dutsen ya gangaro gaba. Kuma ga shi nan, shi ɗin dai, ɓeran nan na bayan kabad, a cikin farin ɗakin da aka goge tas, mayafinta sabon wanki, Inna na can wata unguwa.

Ba ta ɗago ba. Tana sunkuye ta ji likitar na bayani cewa a cikin ƙashin fuska akwai 'yan kogunan iska, ɗaya a kowane kunci, wasu a goshi da tsakanin idanu, kowanne da 'yar ƙofa zuwa hanci. In mura ta kumbura ƙofar ta rufe, majina ta taru a ciki ta rasa hanya, sai ta zama ruwan miki. Saiwar haƙoran sama tana dab da ƙasan kogon, shi ya sa suke zogi alhali lafiyarsu ƙalau. In mutum ya sunkuya, abin ya danno gaba, ciwon ya ƙaru, warin ya taso. Ƙamshin waje ba ya shiga, na ciki ne kawai mutum ke ji.

Auta ta ɗago a hankali. "Ni kaɗai ke jinsa?"

Likitar ta ɗan sunkuyar da kai. "In kina magana kusa da mutum, yana fitowa a numfashinki. Ta bayan takunkumi ma ina ji, Mama."

Auta ta juya ta dubi Doguwa. Doguwa ta ƙura wa bango ido kamar an rubuta mata wani abu a jiki. Minti! Kullum minti. Da matar mai shago da jan mayafinta. Ashe kara kam an yi ta, amma ba Inna aka yi wa ba.

"Ke Doguwa, Allah Ya isa tsakanina da ke! Ki ce mini bakina na wari mana!"

"In ce wa wa? Ke?"

Likitar na rubuta magani, tana cewa lallai ta ga likitan hanci a makon nan, in kuwa ido ya kumbura ko zazzaɓi ya yi zafi ko wuya ya sandare kada ta jira ko awa guda, amma Auta ta riga ta kai ƙofa. Doguwa ce ta karɓi takardar ta biyo ta da takalminta ɗaya a hannu.

A gida Auta ta tarar da matar mai shago zaune a bakin gado da kofi, ta yi tagumi. Inna na kwance, numfashi sama-sama. Auta ta tsaya daga bakin ƙofa tana haki.

"Inna, ba ke ba ce. Ni ce! A hancina yake, miki ne a cikin kuncina, likita ta gani."

Idanun suka buɗe kaɗan. "Ƙaryar tausayi," in ji raɗar. "Ban koya miki ba."

"Wallahi tallahi, Inna!"

"Da hancina na ji."

Auta ta ji kamar ta buga kanta da bango. Ta dubi kofin, ta dubi leɓunan nan da suka fashe. Sai ta ce wa matar mai shago, "Don Allah ɗago ta. Juya ta, girgiza ta, yi mata duk yadda nake yi. Ni zan fita." Ta fice har tsakiyar tsakar gida ta tsaya cikin rana, tana ɗaga murya ta taga. "Inna, ga ni nan a waje, kin ji muryata. An motsa ki. Shinshina!"

Ta kasa kunne. Ta ji ƙarar gado, ta ji nishin matar mai shago. Ta ji Inna ta ce, "Ɗaga mini hannun." Auta ta sake ɗaga murya.

"Me kika ji, Inna?"

"Bilic," in ji muryar, da ƙyar.

Auta ta shigo. Ta durƙusa a gaban gadon, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa na uwarta, ta buɗe baki ta huro mata numfashi a fuska, haaa, kamar yadda take yi a bakin ƙofa tana yarinya in ana duba ko ta wanke baki.

Hancin Inna ya motsa. Fuskar ta yamutse. Hannun nan mai lafiya, wanda ya koma ƙashi da fata, ya taso a hankali ya dafa fuskar Auta ya ture ta.

"Koma," in ji Inna.

Auta ta zube a ƙasa, dariya da kuka suka haɗe mata, majina na zuba ba ta ko share ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juya ido ga matar mai shago.

"Ba ni ruwan nan. Ke ki ba ni. Wannan ƙazamar ta matsa can."

A ranar aka kai Inna asibiti, da yardarta, bayan ta sa an canza mata ɗankwali. Aka yi mata ƙarin ruwa leda bayan leda. Wata ma'aikaciyar jinya da ta ga bayanta ta tambaya a fusace wane mara imani ne ya goge fatar tsohuwa haka, Auta ta ce ni ce, ta tsaya ta sha faɗan har ƙarshe. Inna ta rayu, amma ba ta dawo yadda take ba. Dā tana iya zama in an jingina ta, yanzu sai an riƙe. Mikin ƙugunta ya daɗe bai rufe ba, kuma duk sanda Auta ta zo wanke shi sai ta ji kamar a jikinta yake. Wannan kam babu likitan da zai ba ta maganinsa.

Ciwon Auta kuwa ya bi magani sannu a hankali. Ta sha ƙwayoyin har ƙarshe, ta riƙa wanke hanci da ruwan gishiri yadda likitan hanci ya nuna mata. Nauyin kuncin ya sauka, haƙora suka yi shiru, ɗoyin ya tafi. Ƙamshi ne dai bai dawo ba. A otal aka mayar da ita kan ƙirga tawul, wata yarinya ta hau ƙarshen teburin.

Sai wata safiya ta shigo da ruwan wanka a roba, ta ajiye, ta sunkuya za ta ɗago Inna. Ta tsaya a haka. Wani abu ne ya shigo mata hanci, siriri, daga ƙarƙashin ɗankwalin tsohuwar. Man gashi, da ɗan gumin barci, da wani abu can ƙasa wanda ba shi da suna, wanda ta sani tun tana goye. Har da ɗan zarnin fitsari kaɗan daga ledar gado, in za a faɗi gaskiya. Ta ƙara kai fuska ta tura hanci cikin wuyan uwarta ta ja, ta sake ja.

Jikin Inna ya sandare. "Me kika ji? Alkawari fa, Auta."

"Ke na ji, Inna."

"Wari?"

"A'a. Ke dai."

Ta daɗe a haka, hawayenta na jiƙa wuyan rigar. Inna ba ta ce koma ba. Da Auta ta ɗago ta canza mata leda da zani, ta goge mata fuska da tsumma mai laushi, sannan ta ɗauki robar ruwan ta fita da ita. Inna ta bi ta da kallo.

"Ina za ki da ruwan? Wankan fa?"

"Sai gobe," in ji Auta, ta juye shi a gindin bishiyar tsakar gida.